Shari'ar laifi, ƙarar haƙƙi ko sulhu: amsa ga ƙanwarmu ta Tawa

Ƙanwata, kin ce kin kusa gama karatun shari'a a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, kina tambaya wanne ya fi wa mai son zama lauya, shari'ar laifi ko ƙarar haƙƙi tsakanin mutane, kuma ko sulhu yana ciyar da lauya. Ƙofar shiga dai ɗaya ce. Dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Yammacin Afirka, ta tanadi jarrabawar CAPA ta shaidar cancantar zama lauya, sannan shekara 3 na koyon aiki a hannun babban lauya, kuma galibin ofisoshin lauyoyi a Yamai suke.

Shari'ar laifi aikin gaggawa ne. An kama mutum, yana komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ko wajen jandarma, kuma a laifuffukan yau da kullum awa 48 ake tsare shi, ana iya ƙarawa sau ɗaya. Wannan doka ta 2014 ta ba lauya damar tsaya masa tun daga kamu, abin da iyalai da yawa ba su sani ba sai ɗansu ya riga ya sa hannu a takarda. Abokin karawarki mai gabatar da ƙara ne, abin da ake ja a kai kuwa ƴancin mutum. A nan ake koyon magana gaban alƙali da tambayar shaida. Amma masu wannan buƙata yawanci talakawa ne, shi ya sa aka kafa hukumar ANAJJ a 2011 don taimaka wa marasa hali. Ki shiga da zuciya mai ƙarfi, domin za ki ga wanda ya daɗe a gidan kaso ba a yanke masa hukunci ba.

Ƙarar haƙƙi kuwa aikin haƙuri ne da takardu: bashi, haya, fili, gado. Ɓangaren kasuwancinta ya fi tsoka. Ana bin dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, waɗanda ƙasashe 17 suke aiki da su, Yamai tana da kotun kasuwanci tata, ƙarar ƙarshe kuma kotun ƙungiyar da ke Abijan ake kaiwa. Kamfani ko banki idan ya yarda da ke, shekara da shekaru yana kawo miki aiki.

A Tawa lamarin ya ɗan bambanta, kuma nan nake so ki natsu. Rigimar gona, gado da aure, alƙali yana zama ne da masana al'ada, kuma kafin a zo gabansa galibi an bi ta wajen mai gari ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sasantawa. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye masu ba da takardar shaidar gona. Lauyar da ta san waɗannan, tana jin Hausa da halin Adarawa, mutanen yankin Tawa, ta fi wanda ya zo da Faransanci kaɗai amfani nesa ba kusa ba.

Sulhu kuma aikin lauya ne sosai. OHADA ta yi masa doka a Konakiri a 2017, Yamai tana da cibiyar sasanci ta CMAN a ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa. Sirri yana rufe, zumunta ba ta yankewa, yarjejeniyar kuma ana iya kai ta kotu ta tabbatar. Sai dai ba da shi lauya ke fara sana'a ba. Ba mai sassauta haƙƙinsa don maganarki sai ya tabbata kin san abin da alƙali zai yanke in an je gabansa.

Ni a ganina, ki yi shekarun koyonki kina karɓar shari'ar laifi duk da wuyarta, sannan ki kafa sana'arki a kan ƙarar haƙƙi. Ranar da za ki nemi ofishin da za ki koyi aiki, ki tambayi mai ofishin ko zai bar ki ki tsaya gaban alƙali da kanki, ko rubutu kawai za ki riƙa yi masa.