Wasiƙa daga Ohayo kan karatun kula da jama'a

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya sanyin Jos? A gaida Inna da yara.

Kan batun 'yarka da ke son zuwa nan Amurka karatun kula da jama'a, kuɗin makarantar da ta gani a intanet gaskiya ne, sai dai ba don irinmu aka rubuta shi ba. Kwalejojin gwamnati na shekara 2 a nan Amurka suna karɓar wajen dala 4,000 a shekara, amma wannan farashin ɗan gari ne. Baƙuwa mai bizar ɗalibai takan biya ninki biyu ko fiye, kuma tallafin gwamnatin tarayya ba ya hawa kanta. Tun kafin ta taka ofishin jakadanci a Abuja akwai dala 350 na rajistar SEVIS, wato tsarin rajistar ɗalibai baƙi na gwamnatin Amurka, da 185 na neman biza. In ta shigo, awa 20 kacal doka ta ba ta na aiki a mako a lokacin zangon karatu, shi ma a cikin makaranta. Karatu ta intanet daga gida kuwa ba ya kawo biza, kada wani ɗan cuwa-cuwa ya ruɗe ku.

Haya ce ke karya mutum, sai inshorar lafiya. Kaza da madara ba sa wuya ga mai albashi, amma dankalin Turawa da tumatirin da muke ɗiba a kwando a Farin Gada, a nan sikeli ake ɗora su, ba tayi ba gyara. Abin da ya burge ni shi ne ɗakin karatu na unguwa: littafi, kwamfuta, intanet, duk kyauta. Sannan ranar da aka ce za a gama zango, ranar ake gamawa. Kai da ka ga yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022, ka san darajar wannan.

Shi aikin akwai shi, gidajen tsofaffi, masaukin marasa matsuguni, cibiyoyin masu fama da shaye-shaye da na 'yan gudun hijira kullum neman hannu suke. Na taɓa ganin wata ma'aikaciya ta zauna da wata dattijuwa da ba ta jin Turanci, tafinta na kan waya, suna cike takardar tallafin abinci layi-layi har aka tashi ofis. Wannan shi ne aikin, haƙuri da takardu. Albashin mataimakin ma'aikacin kula da jama'a ya ɗan haura dala 40,000 a shekara kafin haraji. In ka juya shi zuwa naira sai ka ce attajiri ne, a nan kuwa rufin asiri ne kawai.

Takardar shekara 2 mataimaki take fitarwa. Mai son lasisi sai ya yi digiri a shirin da hukumar CSWE, mai tantance shirye-shiryen karatun wannan sana'a a Amurka, ta amince da shi, da awa 400 na sanin makamar aiki, ko 900 a digiri na biyu. Makarantar da ba ta da wannan amincewa, ko kyauta ce, ni ba na ba da shawararta.

Da ni ce, ta yi digirin farko a gida, tunda Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar ma'aikatan jin daɗin jama'a a 2022, sana'ar ta fara samun gindin zama. Ta riƙa aikin sa-kai a gidan marayu ko asibiti tana karɓar shaida a rubuce, daga baya mu nemi digiri na biyu. Ka sa ta turo mini hoton sakamakonta na WAEC ta WhatsApp, zan kira ranar Asabar bayan la'asar ɗinku.

Ƙanwarka.