Littafi, manhaja ko ƙwararre: me za ka saya idan labarinka na almara yana buƙatar harshe?

Kafin marubuci ya fitar da ko kwabo, ya kamata ya san yawan ƙirƙirarren harshen da labarinsa zai ci. Idan sunayen sarakuna, garuruwa da koguna kaɗai ake bukata, tsarin sauti da 'yan kalmomi sun wadatar. Idan kuwa mayaƙa za su yi rantsuwa da shi, boka ya yi surkulle, a rera waƙar ɗaurin aure, to sai an gina nahawu. A nan kuɗi da lokaci suke tafiya.

Littattafai biyu ne aka fi ambata, duka da Turanci. Na farko The Language Construction Kit na Mark Rosenfelder, wanda ya fara a intanet a 1996 kafin a buga shi littafi a 2010. Gajeren sigarsa na nan kyauta a shafinsa na Zompist, saboda haka ka ɗanɗana kafin ka saya. Tsarinsa na malamin aji ne: baƙi da wasali, gaɓa, ginin kalma, ginin jumla, rubutu, sannan cikakken misali da Kebreni, wani harshe da shi kansa ya ƙirƙira. Na biyu The Art of Language Invention na David J. Peterson, na 2015. Shi ne ya gina harsunan Dothraki da High Valyrian don shirin Game of Thrones, kuma ya raba littafin gida huɗu: sautuka, kalmomi, sauyin harshe da rubutu. Ya fi daɗin karatu, yana da raha, yana kuma nuna dalilin da ya sa ya zaɓi wannan sauti ya bar wancan. A ganina, wanda zai sayi guda ɗaya don ya zauna ya yi aiki, na Rosenfelder ya fi masa amfani. Wanda har yanzu yake tantamar ko zai shiga harkar, ya fara da Peterson.

Sai dai duka biyun don kunnen mai jin Turanci aka rubuta su. Za su ɓata shafuka suna lallaɓa mai karatu a kan karin sauti da tsawon wasali, abin da Bahaushe ya tashi da shi tun yana goye. Haka ma tunzuɗau (sautuka irin ƙ da ts) da haɗiyau (irin ɓ da ɗ). Da Paul Frommer yake gina harshen Na'vi don fim ɗin Avatar na 2009, ya sa tunzuɗau uku da ya rubuta px, tx da kx don harshen ya yi baƙunta a kunnen Bature. To kx ɗin nan ɗan'uwan ƙ ne. Ga mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ko kaɗan. Idan kana son mutanen labarinka su ji kamar daga wata duniya suka zo, sai ka nemi abin da Hausa ba ta da shi: baƙaƙe uku a jere a farkon kalma, wasulan hanci, ko wasula irin na Jamusanci da ake tura leɓe a faɗe su. Ko ka bi hanyar ragewa. Harshen Hawayi baƙaƙe 8 kacal gare shi, kuma laushinsa daga nan ya samo asali. Wannan hukuncin babu littafin da zai yanke maka.

A manhajoji, Vulgarlang ce aka fi tallatawa. Ka danna maɓalli, ta fito maka da sautuka, ƙamus da taƙaitaccen nahawu nan take. Akwai gwaji na kyauta mai kalmomi kaɗan, sai an biya ake samun dubbai. Tana bari ka shigar da sautukan da kake so da haruffan IPA, wato haruffan da masana suke rubuta sautukan harsunan duniya da su, kuma lallai ka yi hakan, don idan ka bar ta ta zaɓa, za ta iya ba ka kalmomin da kai kanka ba za ka iya furtawa ba. Rauninta shi ne kalmominta ba su da tarihi, kamar kayan da aka zubo daga buhu ɗaya a rana ɗaya. Ga mai neman sunaye da 'yan gaisuwa, ta biya. Ga mai son harshe mai zurfi, ban ga dalilin farawa da ita ba.

PolyGlot kyauta ce, amma ba ta ƙirƙira maka harshe. Wurin ajiya ce. Ka zuba kalmominka, ka faɗa mata dokar jam'i ko ta sarrafa aikatau, ta riƙa bi. Sai da kwamfuta take aiki. FieldWorks ta ƙungiyar SIL ma kyauta ce, an yi ta ne don masu nazarin harsunan gaske, tana da nauyi da wuyar koyo, ta fi ƙarfin yawancin labarai. Mai rubutu da waya, kamar yawancin marubutanmu na intanet, ya duba ConWorkShop, wanda a shafin intanet yake.

Kayan da na fi ganin ƙimarsu su ne masu sauya sauti, wato SCA2 na Rosenfelder da Lexurgy, kuma ba a biyan komai. Ka gina tsohon harshe, ka rubuta doka, alal misali t ya koma c idan i ya biyo baya, manhajar ta bi duk ƙamus ɗin ta sauya. Hausa ma ta yi haka: mota, motoci, sata, saci. Da dokoki goma irin wannan, kalma ɗaya za ta haifi siga biyu, ta mutanen tudu da ta mutanen bakin kogi, mai karatu ya ji cewa dangi ne da suka rabu tun zamanin kakanni. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya yi haka da hannu: harsunansa Quenya da Sindarin tushensu ɗaya, amma ya karkata na farko wajen sautin Finiyanci, na biyu wajen na mutanen Wales.

A nahawu, kada kwaɗayi ya ja ka. High Valyrian yana da jinsi huɗu: na wata, na rana, na ƙasa da na ruwa. Klingon, harshen da Marc Okrand ya gina don finafinan Star Trek, yana fara jumla da karɓau (wanda aikin ya faɗa wa), sai aikatau, sai aikau (mai yin aikin) a ƙarshe, tsarin da ba kasafai ake samu a harsunan duniya ba. Abu ɗaya ko biyu irin wannan sun isa su ba harshe fuska. Kafin ka zaɓa, ka leƙa WALS, taswirar tsarin harsunan duniya da ke intanet kyauta tun 2008, ka ga abin da harsunan gaske suke haɗawa. Ko ka zauna da maƙwabcinka Bafulatani ya nuna maka yadda ajin sunaye sama da 20 yake aiki a Fulfulde.

Hanya mafi tsada ita ce ɗaukar ƙwararre. Ƙungiyar Language Creation Society, wadda aka kafa a 2007, tana tallata irin wannan aiki ga mambobinta, kuma ta hanyarta Peterson ya samu aikin Dothraki a 2009. Wannan ta masu fim ce da masu wasannin kwamfuta, inda 'yan wasa za su furta kalmomin a ji. Idan ka bi ta, a rubuta a yarjejeniya yawan kalmomi, da wanda zai mallaki harshen, da cewa za a ba ka sautin murya na kowace jumla. Ka kuma ce a rubuta harshen da ƙa'idar boko, inda c da j da sh suke da furucin da masu karatunka suka sani. Tunda bokon Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, idan harshenka ya dogara da su, ka nemi a sa musu alama tun daga shafin farko na ƙamus.