Gidajen waƙar kantiri a Nashville: wanne za ka shiga?

Duk wanda ya taso yana jin Don Williams da Kenny Rogers a rediyo ko a kaset ɗin direban mota, in Allah ya kai shi Amurka dole ransa ya biya ya leƙa Nashville a jihar Tennessee. Titin da kowa ke nufa shi ne Broadway, wajen gangarawa kogin Cumberland, gidajen kiɗa ne jere kamar rumfunan kasuwa, da yawansu ɗauke da sunan wani babban mawaƙi a saman ƙofa.

To ka cire rai da ganin mai sunan, ba kasafai yake zuwa ba. Yawanci kamfani ne ke tafiyar da wurin shi kuma abokin hulɗa ne. Ole Red na Blake Shelton da aka buɗe a 2018 tare da Ryman Hospitality aka yi shi, na Jason Aldean da na Luke Bryan da Casa Rosa ta Miranda Lambert kuwa duk kamfani ɗaya ne ke riƙe da su, TC Restaurant Group. Masu kiɗan da za ka tarar matasa ne da suka zo garin neman sa'a, kuma wallahi wasunsu sun iya hannu sosai.

In hayaniya da hoto kake so, na Aldean da na Luke Bryan su ne wurinka, hawa-hawa ne, kowane hawa da makaɗansa, ga saman bene a buɗe kana hango titin gaba ɗaya, sai dai da dare ya yi kiɗan yakan karkata zuwa rok da fof har ka rasa kantirin da ya kawo ka. Ole Red ya fi dacewa da mai son ya zauna ya ci abinci yana kallon dandamali. Category 10 na Luke Combs yana kan 2nd Avenue a tsohon ginin Wildhorse Saloon, filin rawarsa babba ne, nan ake irin rawar layi ɗin nan da kowa ke taka sawu ɗaya.

Ni dai in an bar ni da zaɓi AJ's Good Time Bar na Alan Jackson zan shiga. Wurin matsattse ne, babu wani ƙyale-ƙyale, amma nan za ka ji tsohuwar kantiri da gogensu da jitar nan mai kukan da ke ratsa zuciya, irin dai wadda muka saba ji. Dab da shi akwai Robert's Western World wanda ba na wani tauraro ba ne amma a wannan fanni da wuya a wuce shi. Shi kuma Chief's na Eric Church, hawa shida, an buɗe a 2024, yana da zaure na musamman da ake sayen tikiti a zauna a saurari waƙa cikin natsuwa. Amma a kula da abincinsa, da gashin mai gasa nama Rodney Scott aka buɗe wurin, shi kuma da naman alade ya yi suna. Kai ko'ina ma ka tambaya kafin ka yi oda, don sukan barbaɗa shi har a salak da dankali.

Duk wuraren nan mashaya ne, wannan ba ɓoye ba ne. Wanda ba ya sha lemo ko ruwa ya ishe shi ba mai kallonsa, kuma gara ka je da rana, tun da hantsi ake fara kiɗa, mutane ba su cika ba, ka samu kujera kusa da dandamali har kana jin yadda yatsa ke goga wayar jita. Da yamma ta yi yawancinsu sai ɗan shekara 21 zuwa sama, suna duba shaida a ƙofa, don haka fasfonka ya kasance a jikinka ko da furfura ce da kai.

Shiga kyauta ne a mafi yawansu, makaɗan da abin da aka jefa musu suke rayuwa. Za ka ga an zagayo da ɗan bokiti tsakanin waƙa da waƙa, ka tanadi canji a aljihu, in kuma so kake su yi maka ta Don Williams to ka sa dala 20 a ciki ka faɗa musu sunanta.