Gwajin fitsari na M/C/S a wani lab a Kano: takardar sakamakon ce matsalar

M/C/S gwaji ne da ake duba fitsari a madubin likita, a shuka ƙwayar cutar da ke ciki, a gano maganin da zai kashe ta. Wajen karɓar samfuri ba ni da ƙorafi. Kwalbar sabuwa ce a rufe, kuma ma'aikaciyar ta yi bayani yadda ya kamata: fitsarin safe, a bar na farko ya zube, a tari na tsakiya, a kawo cikin awa 2, in ba hali a ajiye a firji. Har ta tambaya ko an fara shan antibayotik. Sakamako ya fito bayan awa 48, wanda shi ne daidai, domin ƙwayar na buƙatar kwana ɗaya ta tsiro a faranti, wani kwanan kuma a gwada ta da magunguna. A nan har na fara yabon wurin.

Takardar ce ta ɓata min rai. E. coli ta fito, ƙwayar da ke zaune a hanjin kowa, daga bayan gida take samun hanya zuwa mafitsara. An rubuta ta bijire wa Septrin, ampicillin, cipro da ceftriaxone, sai ga Ceporex (wato cephalexin) a ƙasa an ba shi +++, wai yana cin ta sosai. Haba! Ƙwayar da ta karya ceftriaxone, galibi da ESBL, sinadarin da take fitarwa ya lalata irin waɗannan magunguna, cephalexin ba zai tsaya mata ba. A gwajin, ƙananan faifai masu ɗauke da magani ake ɗorawa a kan ƙwayar da aka shafa a faranti, in maganin na cin ta sai da'irar da ba ta tsiro ba ta fito kewaye da faifan. Ko dai faifan ceftriaxone ɗin ya lalace saboda zafi da danshi, ko an shafa ƙwayar da ba ta kai kaurin 0.5 McFarland ba (ma'aunin yawan ƙwayar da ya kamata a shafa), da'irar Ceporex ta fito da faɗi na ƙarya. Tantance ESBL kuwa ba wuya: faifan Augmentin a tsakiya, cefotaxime da ceftazidime a gefe, tazarar kusan milimita 20. In da'irar ta miƙe ta nufi Augmentin, an gano ta. Ba su yi ba. Shi kansa +++ ɗin ba awo ba ne. Da rula ake auna da'ira a milimita, a duba jadawalin CLSI (hukumar da ke tsara ƙa'idojin gwajin lab), a rubuta S (maganin na cin ta), I (tsaka-tsaki) ko R (ta bijire).

Abin da ya fi ƙona min rai, babu nitrofurantoin a jerin, alhali sau da yawa shi ke cin irin wannan ƙwayar idan ciwon bai wuce mafitsara ba (ban da mai ƙarancin sinadarin jini na G6PD da mai cikin da ta kusa haihuwa).

Irin waɗannan ƙwayoyin sun daina zama na gadon asibiti kaɗai. Mutum lafiyayye na yawo da su a cikinsa, ga ja da yalo da Flagyl da ake sha duk gudawa, ga maganin da ake ɗura wa kaji, ga rijiya kusa da masai. Mai wannan takardar kemis zai nufa ya sayi Ceporex, ya sha kwana 7 a banza, ciwon na hawa ƙoda. Tsabtarsu da iya karɓar mutane ba su isa in sake tura kowa can ba, sai sun fara auna da'ira.