A kwance bamba kafin fenti, ko a rufe da jarida a fesa?

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya kawo tambaya. Yana da Toyota Celica ƙirar 1992, irin mai fitilun nan da ke ɗagowa idan an kunna su, rana ta cinye mata fenti har rufi da bonet sun fara ɓarewa. Masu fenti biyu ya gani. Na farko ya ce ba sai an kwance komai ba, za a rufe fitilu da gilasai da jarida da tef a fesa. Na biyu ya ce sai an sauke bamba gaba da baya, da fitilu da madubai, har ƙofofi da fenda da gilashin gaba in so samu ne, kuma kuɗinsa ya fi. Yana son ya san wanne zai bi.

Ɗan'uwa, bari in fara da mai rufewa, don ba lallai ne ya zama rago ba. Aikinsa ya fi sauri, ya fi sauƙin kuɗi, kuma babban alherinsa shi ne ba ya karya maka komai. Irin Celicar taka daga 1989 zuwa 1993 aka ƙera ta, ta haura shekara 30 ke nan. 'Yan ƙananan kilif na roba da ke riƙe da bamba da layin gefe sun sha ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, sun bushe ƙayau. Da an sa musu sukundireba sai su dagargaje. Ita kuma ba Corolla ba ce da za ka shiga kowane shago a samo maka kayanta. Sai ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, wani abin ma ka jira ka gaji. Idan nufinka mota ta yi haske ka sayar, ko gefe ɗaya ne kawai ya goge, aikin rufewa ya wadatar.

Amma idan riƙe ta za ka yi, matsalarsa a baki-baki take. Sabon fenti ba ya kama tsoho sai an goge tsohon da samfefa ya dushe. Inda bamba ta haɗu da fenda, da gindin madubi, da kewayen mariƙin ƙofa, yatsa ba ya shiga balle samfefa. A nan tsohon fenti yana nan da santsinsa, ga ƙurar shekaru, ga maiƙon man goge mota. Fenti zai kwanta a kai ya yi kyau ranar da ka ɗauko ta. Da an yaye tef sai ya bar wani ɗan leɓe, kuma ta wannan leɓen ruwan masu wankin mota zai riƙa kutsawa har fenti ya fara ɗagowa. Yawancin motocin da ka ga suna ɓarewa bayan damina ɗaya ko biyu, duba da kyau, daga gefen roba ko gefen fitila abin ya faro, ba daga tsakiyar ƙofa ba. Akwai kuma wani abu da ya fi damun mu nan: iskar bindigar feshi tana huro ƙurar da ta maƙale cikin tsagogi ta watsa ta kan ɗanyen fenti. Duk wankin da aka yi, tsagon da ba a buɗe ba yana da ajiyarsa.

Kan bamba kuwa ba ni da kokwanto, a sauke ta. Jikin motar ƙarfe ne, bambar roba ce mai lanƙwasuwa, kuma ba shiri ɗaya ake yi musu ba. Inda aka goge har ainihin robar ta fito, akwai ruwan share fage na musamman da ake fara fesa mata domin fenti ya kama, sannan ana ɗiga wani sinadari da ke sa fentin ya bi robar idan ta lanƙwashe. Wanda ya fesa mota gaba ɗaya a tsaye, kwano ɗaya yake haɗawa ya bi ƙarfe da roba da shi. Celica ga ta ƙasa-ƙasa, ga tudun rage gudu da ramukan hanyar Funtua. Bambar na ɗan taɓa ƙasa za ka ga fentin ya tsattsage. Ƙasan bambar da cikin ramukan iskarta ma bindiga ba ta kai musu tana jikin mota, sai dai mai fenti ya kwanta ya yi lalube.

Sauke ta yana kuma nuna maka abin da take ɓoyewa. Motocin nan akasari daga Turai ko Amurka aka shigo da su, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Busasshiyar iskarmu tana rage wa tsatsa gudu, amma ba ta warkar da wadda mota ta zo da ita. Ƙarfen da ke bayan bamba, da ƙasan fitilun baya, da kusurwar but, nan take zama. Gara a gan ta yanzu a kankare a shafa maganinta, da ta kumburo ta ƙarƙashin fentin da ka biya kuɗi mai yawa. Masu tsofaffin motoci masu bambar ƙarfe mai ƙyalli, irin Mercedes SL da aka yi daga 1971 zuwa 1989 ko Peugeot 504 ta asali, su ma su ji: taku ba a fenta ta sam, kwance ta ake yi a ajiye, don feshin da ya taɓa ta wajen kankare shi ake ɓata ƙyallin.

Inda na rabu da mai fenti na biyu shi ne ƙofofi da fenda da gilashin gaba. Ƙofofin Celica biyu ne, dogaye masu nauyi, ga wayoyin gilashi da na lasifika a ciki. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda kamfani ne ya daidaita ta, kuma ba kowane fanel bita ne zai mayar da ita yadda take ba. In ta kauce kaɗan, sai ƙofa ta riƙa buƙatar bugu kafin ta rufu, iska na fito a kan hanya, ruwan sama na shiga. Wajen ɗora ta ma ake yawan ƙwarzane sabon fenti. Gilashin gaba da gam aka manne shi, da waya ake yanke shi, in ya fashe kuwa nemansa aiki ne. A bar shi, sai fa idan ka ga tsatsa ta yi ƙuraje a gefensa.

Abu ɗaya ne zai sauya wannan: idan launi za ka canza. Nan dole a fesa cikin bakin ƙofofi da ƙarƙashin bonet da cikin but, in ba haka ba kana buɗe ƙofa tsohon launi zai tona asiri, sannan launin da ke takardun motar ma sai an gyara. Ni dai shawarata ka tsaya kan launinta na asali. Lambarsa tana kan ɗan allon kamfani da ke jikin motar, bayan haruffan C/TR. A Toyota 202 baƙi ne, 040 fari.

Saboda haka abin da zan ce a sauke: bamba biyu, fitilun baya da na sigina, murafun fitilun gaba, madubai, mariƙan ƙofa, fiffiken baya, layin gefe, tambura da lambar mota. Kwancewa na da illa ɗaya da ya kamata ka sani. Idan launin mai ƙyalƙyali ne, abin da aka fesa daban yakan fito da ɗan bambanci, domin ƙwayoyin ƙyallin suna kwanciya ne gwargwadon yadda aka riƙe bindiga da yadda kayan ke tsaye. Maganinsa a fesa duka rana ɗaya, daga haɗin launi ɗaya, bamba a tsaye kan katako kamar yadda take a jikin mota, ba a shimfiɗe a ƙasa ba.

Kafin a sa sufana, ka fara samo jakar sababbin kilif. Ranar kwancewa ka je da kanka, ka ɗauki hoton kowane wuri da waya, notinan kowane ɓangare a ledarsu da rubutu a jiki. A cire kan batir tukuna, musamman in ƙirar Amurka ce mai jakar iska a sitiyari. Notin da ya ci tsatsa a fesa masa man sassauta noti tun ana gobe za a kwance, kada a zuba man birki kamar yadda wasu ke yi, don yana cin fenti. Mazaunin fitilun gaba a yi masa alama kafin a taɓa shi, don murafun su koma daidai da bonet. Ku kuma yi magana ƙarara da mai aikin kan wanda zai biya abin da ya karye.

Idan garejin ba shi da rufaffen ɗakin feshi, kada ka ba da aikin a tsakiyar hunturu lokacin da ƙura ke sauka. A yayyafa wa ƙasa ruwa, a fesa da safe kafin iska ta tashi, mai feshin kuma ya sa abin rufe hanci na gaskiya, don fentin da ake haɗa wa ruwan taurarawa yana illa ga huhu. Mayar da kaya a bari sai fenti ya taurare har farce ba ya barin alama, man goge mota kuma sai bayan aƙalla wata guda.