Baƙin Inabi, Farin Ruwa

Ƙanwata, kin tambayi abin da ya raba blanc de noirs da blanc de blancs a jerin shamfen na otal ɗin da kike koyon aiki, tunda duka biyun farare ne a kofi. Tun kafin a yi nisa, duka giya ce, barasarta wajen kashi 12 cikin ɗari, kada wani a zauren nan ya ɗauka lemo ne.

Na taɓa yin ƙwadagon tsinkar inabi kusa da Épernay a Faransa, a nan na ga sirrin da idona. Ki matse ƙwayar inabin da ake kira Pinot Noir tsakanin yatsu: ɓawon baƙi ƙirin, ruwan da zai ɗigo kuwa garau. Launin duk a ɓawo yake. Shi ya sa a yankin Champagne, inda ake yin shamfen, da hannu ake tsinka, don kada inji ya farfasa ƙwayar ta rina ruwan, kuma matsar ma lallaɓawa ake yi. Kilo 4,000 na inabi, lita 2,550 kacal doka ta yarda a tatsa, kuma lita 2,050 na farko su ne na gaban goshi.

To wannan shi ne blanc de noirs: farar giya daga baƙin inabi, Pinot Noir na ƙauyuka irin su Bouzy da Ambonnay, ko Meunier na kwarin kogin Marne. Shi kuwa blanc de blancs ba wata dabara, farin inabi ne tun asali, Chardonnay na Avize da Cramant, inda ƙasar alli ce.

Ki jera kofuna biyu a kan farin mayafin tebur. Na baƙin inabin ya fi duhu kaɗan, kamar ruwan zinare, wani lokaci da ɗan ja-ja. Ƙamshinsa na jan tuffa ne da ceri, yana da jiki, yana cika baki, shi ya sa yake iya zama da gasasshen nama ko agwagwa. Ɗayan siriri ne mai kaifi, tsamin lemun tsami, abokin kifi ko buɗe ciki kafin abinci.

Inda masu otal ke ɓata blanc de noirs shi ne ƙanƙara. Su binne kwalba har ƙamshin ya mutu, sannan su zuba a tsukakken kofi. Digiri 8 zuwa 10 ya isa, kuma ki nemi kofi mai ɗan faɗin ciki.