Ƙamus ɗin Cambridge na intanet, yanda ya yi da kalmar OTC

Masu koyon turanci da suke yawan tambaya wane ƙamus ya kamata su riƙe a waya, ni dai shafin Cambridge Dictionary nake buɗewa, kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba, kana rubuta kalma zata fito. Abun da yafi burge ni dashi shine yana haɗa maka turancin yau da kullum da na kasuwanci a shafi ɗaya, kuma inda zaka ga amfanin haka sosai shine in ka nemi over-the-counter, wanda ake taƙaitawa OTC, don mai sayar da magani da dillalin hannun jari duk suna faɗarta amma kowa da abunda yake nufi.

Ma'anar farko ta magani ce, wato wanda zaka saya ba sai likita ya rubuta maka takarda ba, irin su paracetamol da ibuprofen da aspirin. In ka gangara ƙasa sai ka tarar da ta kasuwanci, hannun jarin da ake cinikinsa kai tsaye tsakanin dillalai, ba ta babbar kasuwa irin ta New York ba. Ga kuma ɗan lasifika da zaka danna kaji furucin Ingila da na Amurka, ga jimloli na misali. A nan gaskiya ya cika aikinsa, dan wani ƙamus ɗin ma'anar magani kawai zai baka ka tafi kana karanta labarin kuɗi kana tunanin kemis.

Toh amma inda nake so mutane su kula, bayanin gajere ne, layi ɗaya ko biyu, kuma wannan kalma ce da rashin cikakken sani akanta zai iya taɓa lafiyar mutum ko aljihunsa. Wanda ya karanta cewa ba a buƙatar takardar likita sai ya ɗauka maganin bashi da illa, alhali paracetamol in babba ya wuce giram 4 a cikin awa 24 hanta yake lalatawa, kuma abun tsoron shine a Amurka sunansa acetaminophen, shine a cikin Tylenol, shine dai a cikin Panadol, kuma yana cikin magungunan mura da yawa, sai mutum ya haɗa biyu uku yana zaton daban daban ne. Saboda irin wannan ne a Ingila tun 1998 aka taƙaita kwalin da ake sayarwa a shagon da ba na magani ba zuwa ƙwaya 16. Ita kuma Amurka a 1951 ne dokar Durham-Humphrey ta raba magunguna gida biyu, na takardar likita da na saye kai tsaye. Akwai ma na tsakiya da suke cewa behind the counter, kamar pseudoephedrine na toshewar hanci, ba takardar likita amma sai ka tambaya ka nuna katin shaida. Kada kuma a haɗa da under the counter, wannan cinikin ɓoye ne na haram, harafi kaɗan ne tsakani amma zance ya canza gaba ɗaya.

Ɓangaren kuɗi ma haka, ƙamus zai ce maka ba a babbar kasuwa ake sayarwa ba, bazai gaya maka dalili ba. Wasu ƙananan kamfanoni ne da basu cika sharuɗɗan shiga ba, wasu kuma manya ne na ƙasashen waje da basu ga dalilin ɗaukar ɗawainiyar ba, Nestlé da girmanta a Amurka ta wannan hanyar ake sayen hannun jarinta. A da farashin irin waɗannan a takarda mai ruwan hoda ake bugawa, daga nan sunan pink sheets ya samo asali, yanzu kamfanin OTC Markets Group ke riƙe da harkar da matakai irin su OTCQX da OTCQB. Nasdaq kanta, babbar kasuwar hannun jari ta Amurka, da ta fara a 1971 tsarin nuna farashin irin waɗannan hannayen jarin ce ta kwamfuta. A kasuwar OTC ɗin ne kuma zaka tarar da penny stocks, masu farashi ƙasa da dala 5, inda 'yan damfara suke kumbura farashi da surutu su sayar su gudu su bar mutane da takardar banza, kuma ko ba damfara wani lokacin kana son sayarwa babu mai saye. Yawancin takardun bashi da canjin kuɗaɗen ƙasashe ma OTC ne, haka yarjejeniyoyin inshorar bashi da suka durƙusar da kamfanin inshorar Amurka AIG a rikicin tattalin arziki na 2008.

Ban ɗora wa Cambridge laifin wannan ba, ƙamus ne ba littafin likita ko na dillali ba. Shawarata kawai ka fara dashi ka gane wace ma'ana ake nufi a abun da kake karantawa, in ta kuɗi ce ka wuce shafin Investopedia suna da dogon bayani da misalai, in ta magani ce ka karanta takardar cikin kwalin ka kuma tambayi mai harhaɗa magani.

Abu ɗaya da yake min ciwo, Cambridge yana fassara zuwa Larabci da Faransanci da Urdu da wasu harsuna da dama amma babu Hausa a ciki, dole da turancin zaka fahimci turancin. Sauƙin abun dai suna rubuta ma'ana da kalmomi masu sauƙi, kuma kalmomi da yawa suna da alamar mataki daga A1 mafi sauƙi zuwa C2 mafi wahala, da ita zaka san wadda ya kamata ka fara haddacewa.